Kujerar Alƙali: Dokokin Wasan Tebur a Hannun Kwamfuta

A watan Oktoba na shekarar 2020, kamfanin Larian Studios da ke birnin Ghent a ƙasar Beljiyam ya saki kashin farko na wani wasan kwamfuta mai suna Baldur's Gate 3, domin jama'a su ɗanɗana tun kafin a sauke tukunya. An gina wasan ne a kan dokokin Dungeons & Dragons, wasan tebur da aka fara bugawa a Amurka a 1974. Ba a je ko'ina ba sai gardama ta kaure. Masu riƙo da littafi suka ce kamfanin ya ci amana. A littafin dokoki, jarumin da ke son hankaɗa abokin gaba sai ya haƙura da ɗaya daga cikin hare-harensa. A wasan Larian kuwa yana iya kai sara da takobi, sannan ya tura mutum cikin rami, duk a zagaye ɗaya. Wanda ya hau tudu ya sami rinjayen da littafi bai ba shi ba. Ɗaya ɓangaren suka ce to sai me, ai wasan ya yi daɗi, kuma kwamfuta daban, tebur daban.

Wannan gardama ta girmi masu yin ta, ta ma girmi kwamfutar kanta. Amma kafin mu bi sawunta, ya kamata mai karatun da bai taɓa ganin irin wannan wasa ba ya san yadda ake yin sa. Mutane huɗu ko biyar ne ke zama kewaye da tebur, kowa da takarda da fensir. Kowannensu ya ƙirƙiri jarumi guda, mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo, tare da lambobin da ke nuna ƙarfinsa da basirarsa da yawan raunin da zai jure kafin ya faɗi. Mutum ɗaya ne ba shi da jarumi. Shi ne littafin ke kira Dungeon Master, mu kuwa a nan za mu kira shi alƙalin wasa. Shi ke faɗin abin da jarumai ke gani, shi ke magana da bakin sarki da ɗan kasuwa da dodo, kamar mai tatsuniyar da ya yarje wa masu sauraro su sa baki su karkatar da labari. Ɗan wasa ya ce, "Zan haura katangar nan." Idan abin da wuya, alƙali ya sa shi ya jefa dayis, irin abin nan da ake jefawa a lido, sai dai wannan fuskokinsa 20 ne. Lambar da ta fito, idan an haɗa ta da ƙwarewar jarumin, ita ke nuna ko ya haura ko ya faɗo. Littafin dokoki ya tanadi hukuncin haura katanga. Bai tanadi hukuncin wanda ya ce zai sayi mai gadi da gasasshiyar kaza ba, ko wanda zai cinna wa ƙofa wuta. A irin wannan wuri alƙali ke yanke hukunci nan take, da hankalinsa.

Asalin wannan kujera ta alƙali a barikin soja yake. A 1824 wani laftanar na rundunar igwa ta Farusiya, daular da daga baya ta haɗe kan Jamus, mai suna Georg von Reisswitz, ya buga dokokin wani wasa da ya gada daga mahaifinsa ya gyara. Sunansa Kriegsspiel, wato wasan yaƙi da Jamusanci. Ana shimfiɗa taswira ta ainihi, a jera ƙananan tubala ja da shuɗi a matsayin rundunoni, kowane zagaye kuma yana daidai da minti biyu na fagen fama. Hafsoshin ɓangarorin biyu umarni suke rubutawa su miƙa wa alƙali. Shi zai motsa rundunoni, ya jefa dayis, ya duba jadawalin asara, sannan ya gaya wa kowane ɓangare abin da idon sojojinsa zai iya gani kawai. Babban hafsan hafsoshi, Janar von Müffling, ya ga wasan ya yaba, ya ba da shawarar a koyar da shi ga rundunar.

Da shekaru suka ja, dokoki da jadawalai suka yi nauyi, har hafsoshi suka fara gudun wasan, domin lissafin ya fi yaƙin cin lokaci. A 1876 wani gogaggen hafsa, Julius von Verdy du Vernois, ya wallafa wata hanya dabam: a jingine jadawali da dayis, a bar wa alƙalin da ya san yaƙi ya faɗi abin da zai faru. Daga nan aka sami mazhabobi biyu, mai tsauri da sakakkiya. Kowacce da aibinta. Mai tsauri tana da adalci, amma tana tafiyar hawainiya, kuma ba ta da amsa ga dabarar da marubucin doka bai hango ba. Sakakkiya tana da sauri, amma darajarta darajar alƙalinta ce. Idan ya kasance mai son rai ko mai ƙaramin sani, ƙaramin hafsa ba shi da littafin da zai ɗaga ya kare kansa. Duk abin da aka yi ta jayayya a kansa a 2020 yana cikin wannan saɓani na 1876.

Hanyar da kujerar ta bi daga bariki zuwa ɗakin samari ba ta da tsawo. A 1880 wani hafsan Amurka, Charles Totten, ya buga nasa wasan yaƙin mai suna Strategos. Shekaru kusan 90 bayan haka wani ɗalibi a jihar Minnesota, David Wesely, ya ci karo da littafin a ɗakin karatu na jami'a, ya ɗauko tunanin alƙali daga ciki. A 1969 ya shirya wa abokansa wasa a wani ƙagaggen garin Jamus na zamanin Napoleon mai suna Braunstein. Maimakon ya ba kowa runduna, sai ya ba su matsayin mutane: wannan magajin gari, wancan ma'aikacin banki, wancan shugaban jami'a. Abokan suka shiga ƙulle-ƙulle da yaudarar juna har aka manta da yaƙin. Wesely ya ɗauka wasan ya lalace, su kuwa suka nemi a sake. Ɗaya daga cikinsu, Dave Arneson, ya mayar da tsarin zuwa duniyar takubba da dodanni, ya kira ta Blackmoor, daga baya ya kai wa Gary Gygax na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. A 1974 kamfanin TSR ya buga Dungeons & Dragons: ƙananan littattafai uku a akwati ɗaya, kwafi 1,000 a bugun farko, a kan dala 10.

Waɗannan littattafai uku cike suke da giɓi, kuma marubutansu ba su ɓoye haka ba. Sun bar wa kowane alƙali ya cike da abin da ya ga dama. Sakamakon haka, wasan da ake yi a wani gari ya sha bamban da na maƙwabtansu. Gygax da kansa ya zo ya ga illar hakan, musamman a wuraren gasa, inda ake buƙatar kowa ya bi ma'auni ɗaya. Tsakanin 1977 da 1979 ya fitar da manyan littattafai uku na Advanced Dungeons & Dragons, masu jadawalin kusan komai. Wato dai wasan ya fara a sakakkiyar mazhaba, ya karkata zuwa mai tsauri cikin shekara biyar. Duk da haka, a kan tebur, alƙalai sun ci gaba da tsallake dokar da ta gundure su. TSR ma ta sayar musu da wani ɗan shinge na kwali da alƙali ke kafawa a gabansa, yana jefa dayis a bayansa. Kowa ya san amfanin shingen: ranar da dayis ya yanke wa jarumi mutuwar banza a farkon labari, alƙali mai tausayi yakan dubi lambar, ya faɗi wata.

Kwamfuta ta shigo tun wasan yana jariri. A 1975, shekara ɗaya kacal bayan bugun farko, ɗalibai da ma'aikatan jami'o'in jihar Illinois sun riga sun rubuta kwaikwayonsa a kan PLATO, tsarin kwamfuta da aka gina don koyarwa. Ɗaya daga cikin na farko an sa masa suna pedit5, sunan da bai yi kama da na wasa ba, a wurin da hukuma ba ta son a ɓata lokacin na'ura da wasa. Abin lura shi ne abin da waɗannan marubuta suka ɗauka da abin da suka bari. Sun ɗauki lambobi: ƙarfi, rauni, matakan girma, dukiyar da ake tarawa, dodon da ke fitowa bisa sa'a. Sun bar hira da ciniki da yaudara, domin na'ura ba ta da amsar da za ta ba wanda ya zo da gasasshiyar kaza. Wizardry da Ultima, waɗanda suka fito a 1981, sun bi wannan hanya ba tare da lasisin TSR ba, kuma daga gare su masu shirya wasa a Japan suka koyi darasin da ya haifi Dragon Quest a 1986. Rabin wasan ne ya yi ƙaura zuwa kwamfuta, rabin da ake iya ƙidayawa.

Gwajin biyayya na farko da ya cancanci sunan ya zo a 1988, lokacin da kamfanin SSI na jihar Kalifoniya, wanda ya ƙware a wasannin yaƙi, ya fitar da Pool of Radiance da lasisin TSR. Ɗan wasa yana jagorantar jarumai shida don ƙwato rusasshen birnin Phlan daga hannun dodanni. Ana faɗa bi da bi, a kan fili mai gidaje kamar na dara, kuma lissafin kowane sara na littafi ne. A nan kwamfuta ta nuna abin da ta fi mutum: ba ta mantuwa, ba ta kuskuren tarawa, ba ta gajiya da jefa dayis wa maƙiya talatin. Labarin kuwa, da yake faifan wancan zamani ba ya ɗaukar rubutu mai yawa, an buga wani kaso nasa a ɗan littafi. Wasan yakan umarci mutum ya buɗe sakin layi mai lamba kaza ya karanta. Muryar alƙali ke nan, an daskarar da ita a takarda.

Sai dai biyayyar ta zo da kayan da ba a so. A dokokin Gygax, jarumin da ba ɗan'adam ba, kamar wada ko aljanin daji, yana da matakin da ba zai wuce ba, kuma ƙarfin jaruma mace yana da rufin da bai kai na namiji ba. A kan tebur alƙalai da dama sukan kau da kai daga waɗannan dokoki. Kwamfuta ba ta san kau da kai ba. Wanda ya reni wadansa tun daga Phlan, ya bi shi cikin wasannin da suka biyo baya har zuwa Pools of Darkness na 1991, sai ya tarar jarumin ya tsaya cik yayin da abokan tafiyarsa 'yan'adam suka yi masa nisa. Haka batun sihiri. An ɗauko tsarinsa ne daga littattafan marubuci Jack Vance: matsafi yana haddace surkulle, da zarar ya yi amfani da shi sai ya goge daga kansa, sai ya huta ya sake haddacewa. A kan tebur wannan doka tana da haƙora, domin alƙali ne ke da ikon cewa babu wurin barci a nan, maƙiya na tafe. A kwamfuta hutu ya zama danna maɓalli sau da yawa. Tun a wasa na biyu, Curse of the Azure Bonds na 1989, SSI ta ƙara umarni ɗaya da ke yin duk wahalar warkar da raunuka a madadin mutum. Dokar tana nan daram, amma dalilin da ya sa aka kafa ta ya tafi tare da alƙali.

A ganina wannan shi ne tushen matsalar. Dokokin tebur an rubuta su ne da sanin cewa akwai mutum a kujera, wanda zai sassauta a nan, ya tsananta a can. Wanda ya kwafe su harafi da harafi ya zuba a na'ura ya kwafi rabin yarjejeniya ne. Ɗaliban adabi sun san irin wannan a fassara da kuma mayar da littafi fim: akwai amanar kalma, akwai amanar abin da kalmar ke yi, kuma sau da yawa sai an saki ɗaya kafin a riƙe ɗaya.

Shekarun 1990 sun kawo masu saki. TSR ta durƙushe da bashi, kamfanin Wizards of the Coast ya saye ta a 1997. A ƙarshen 1998 wani kamfani na birnin Edmonton a Kanada, BioWare, wanda likitoci suka kafa, ya fitar da Baldur's Gate na farko. Lambobin na bugu na biyu ne na Advanced Dungeons & Dragons, amma an jefar da bi da bi. Kowa na motsi lokaci guda, ɗan wasa yana tsayar da faɗan ya ba da umarni, sannan ya sake shi. Zagayen da littafi ya ce minti ɗaya ne an matse shi ya koma daƙiƙa shida. Dayis na nan yana juyawa a ɓoye, ba a ganinsa sai wanda ya nema. Masu tsauri sun yi ƙorafi, kuma suna da hujja: matsafi zai auna ƙwallon wutarsa a kan maƙiya, kafin ya gama surkulle sun matsa, wutar ta cinye 'yan'uwansa. Amma BioWare ta kawo abin da SSI ba ta iya kawowa ba. Jagoran tsara wasan, James Ohlen, tsohon alƙalin tebur ne, kuma wasu abokan tafiyar da ke cikin wasan, har da Minsc, mayaƙin nan mai yawo da ɗan ɓeransa, daga teburinsa suka fito. Abokan tafiya suna gunaguni, suna faɗa da juna, suna iya barin mutum idan halinsa bai yi musu ba. An karya dokar lokaci, an maido da wani abu na hayaniyar tebur.

Planescape: Torment na 1999 ya wuce nan. Jaruminsa ba ya mutuwa. Idan an kashe shi sai ya farka a wani wuri ya ci gaba, abin da ya rushe babbar barazanar da dukkan dokokin faɗa suka dogara a kanta. Hikima da basira sun fi ƙarfin damtse amfani, kuma ana iya gamawa da babban abokin gaba ta hanyar magana. Ta fuskar littafi, wannan tawaye ne. Ta fuskar abin da gwanin alƙali ke yi idan ya lura 'yan wasansa sun fi son hira da sara, ban san wasan wancan zamani da ya fi shi biyayya ba. Akwai ma darasi a gefe daga Fallout na 1997, wanda aka fara ginawa a kan dokokin tebur na GURPS. Da saɓani ya shiga tsakanin kamfanonin biyu, masu shirya shi suka ƙirƙiri nasu tsarin mai suna SPECIAL, kuma wasan bai rasa komai ba a idon waɗanda suka buga shi.

Wanda ya jagoranci Fallout ɗin, Tim Cain, shi ne kuma ya yi gwajin tsauri mafi nisa. A 2003 kamfaninsa, Troika Games, ya fitar da The Temple of Elemental Evil, bisa wani tsohon labarin tebur na Gygax da Frank Mentzer na 1985, da dokokin bugu na 3.5 da suka fito a wannan shekarar. An dawo da bi da bi. Kusan kowace ƙaramar dokar faɗa tana ciki: takun nan guda da mutum zai yi ba tare da an kai masa hari ba, saran da ake kai wa wanda ya gifta, jinkirta hari har sai maƙiyi ya matso. Har yau masu son dabarar faɗa suna yaba shi. Amma ya fito cike da kurakuran manhaja, kuma ƙauyen Hommlet, inda labarin ya fara, ya zama wurin aike-aike marasa armashi. Laifin ba na Troika kaɗai ba ne. Littafin 1985 ya ba da sunayen mutanen ƙauyen da gidajensu da abin da suka ɓoye, ya bar wa alƙali ya hura musu rai. Da aka kwafe shi da aminci, sai aka sami ƙauye mai taswira da lambobi, babu mai hurawa. Troika ta rufe a 2005. Masoya wasan ne suka shafe shekaru suna gyara shi kyauta.

Shekara ɗaya kafin haka BioWare ta gwada amsar da ta fi kowacce sauƙin fahimta: a maido da mutum kujerarsa. Neverwinter Nights na 2002 ya zo da kayan gina duniya da kuma wata ƙofa ta musamman, inda mutum ɗaya zai shiga ta intanet a matsayin alƙali, ba a ganinsa, yana sako dodanni, yana shiga jikin mai gadi ya amsa wa mai kaza. Ƙungiyoyi sun gina duniyoyinsu sun rayu a ciki shekara da shekaru. Sai dai mafi yawan masu sayen wasan kwamfuta suna saye ne domin ba su da abokai biyar da za su taru ranar Asabar, balle gwanin alƙali. Wannan amsa ta yi wa 'yan kaɗan aiki.

Mu koma Ghent. Lokacin da Larian ke gwajin Baldur's Gate 3, wani ƙaramin kamfani a Faransa, Tactical Adventures, ya fitar da Solasta a 2021, a kan dokokin bugu na biyar na 2014, yana bin su kusan sau da ƙafa. Masu tsauri suka sami abin nuni. Kuma ba a banza suka yi magana ba. A littafi, jarumi yana da damar mayar da martani a lokacin da ba zagayensa ba, misali matsafi ya karya sihirin wani tun yana bakinsa, kuma shi ke zaɓar lokacin. Solasta yana tsayawa ya tambayi ɗan wasa. Gwajin Larian na farko bai yi haka ba. A ƙarshen 2022 Larian ta gyara, ta kuma rage rinjayen mai tudu kafin wasan ya fito cikakke ranar 3 ga Agusta, 2023. A waɗannan wurare littafi ne ke da gaskiya, domin dokar tana ba ɗan wasa zaɓi, cire ta kuma rage masa iko ne. Wannan shi ne ma'aunin da na fi yarda da shi: a tambayi abin da doka ke yi wa mai wasa kafin a taɓa ta.

A wasu wuraren Larian ta tsaya a kan bakanta, kuma idan aka duba da kyau, halin alƙalai ta kwaikwaya. Littafin 2014 ya ce lamba 20 tana tabbatar da nasara a hari, bai ce haka ba a kan lallashin mai gadi ko buɗe kwado. Amma tebura da yawa sun daɗe suna ɗaukar 20 a matsayin nasara a komai, domin ihun da ake yi idan ta fito, kuma haka wasan ya yi. Ya fito da dayis ɗin fili, babba a tsakiyar allo, yana juyawa a gaban mutum, bayan shekaru 25 da BioWare ta ɓoye shi. Ya kuma zo da wani zaɓi, a kunne tun daga farko, wanda ke hana rashin sa'a ya jeru da yawa. Kowace fuskar dayis mai 20 tana da kashi 5 cikin 100 na fitowa, kuma dayis na gaskiya bai san abin da ya fito a jifar baya ba. Wannan na Larian yana tunawa. Shingen kwalin nan ne ya dawo, da alƙali mai tausayi a bayansa, sai dai yanzu an rubuta tausayin a manhaja, kuma wanda ba ya so yana iya kashe shi. Ni kam ina kashewa, amma ban ga dalilin kiran sa cin amana ba, tunda TSR da kanta ta sayar da shingen.

Akwai wata doka da babu littafin da ya rubuta ta, domin a kan tebur ba ta buƙatar rubutu: abin da ya faru ya faru. Kwamfuta ta karya ta tun ranar da aka ba mutum damar adana wasa ya koma baya. Wanda zai sake jifa sau goma har sai 20 ta fito ya mayar da kowane lissafi wasan yara, komai amincin da aka yi wajen kwafe shi. Masu gardamar hankaɗawa da tudu ba su cika ambaton wannan ba, alhali ya fi duk sauran girma. Disco Elysium na 2019, wanda marubuci Robert Kurvitz na Estoniya da abokansa suka tsiro da shi daga wasan teburinsu, ya magance shi ta hanyar rubutu: faɗuwa a jifa takan buɗe wani reshen labari mai ban dariya ko ban tausayi, har mutum ya ji ba ya son komawa baya. Larian ta bi wannan hanya a wurare da dama, sannan a ƙarshen 2023 ta ƙara wani mataki mai wuya inda ma'adana ɗaya tak ake da ita, babu komawa.

Duk wannan aiki, idan aka tattara shi, ƙoƙari ne na yanke hukunci tun kafin a kawo ƙara. Marubutan Larian sun zauna shekaru suna tunanin abin da ɗan wasa zai iya yi, su rubuta amsa: idan ya yi magana da gawa, idan ya tambayi bera, idan ya kashe wanda labari ke buƙata. Yawan amsoshin ne ya sa mutane suka ji kamar akwai wani a kujera, kuma wasan ya lashe kyautar gwarzon shekara a bikin The Game Awards na 2023. Amma hukuncin da aka rubuta tun jiya yana da iyaka, kuma ana ganin iyakar a fili. Littafi yana kai jarumi mataki na 20. Baldur's Gate 3 ya tsaya a 12. Sama da nan sihirin littafi yana fara fin ƙarfin kowane jadawali, har ya kai ga wanda ake kira Wish, wato buri, wanda matsafi ke samu a mataki na 17: ya faɗi abin da yake so da bakinsa, alƙali ya saurari kalmomin, ya yanke yadda duniya za ta amsa, wani lokaci ya kama shi da kuskuren lafazinsa. Da BioWare ta saka wannan sihiri a ƙarin Baldur's Gate na biyu a 2001, aljani ne ke bayyana ya miƙa wa mutum jerin buƙatu ya zaɓi ɗaya. Larian ba ta ba ɗan wasa shi ba sam. Ta bar shi a bakin Vlaakith, sarauniyar da jarumai ke haɗuwa da ita a tsakiyar tafiya: wanda ya yi mata rashin kunya ya ƙalubalanci ikonta, sai ta furta burinta, jaruman duka su faɗi matattu, wasan ya ƙare a nan.